Maganin da Ba Ya Warkarwa: Nazarin Harshen da Ake Bayyana Maganin HIV da Shi a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Kalmar "magani" a bakin Bahaushe alkawari ce ta kawo ƙarshen matsala. Maganin ɓera kashe ɓera yake yi, kuma idan aka ce wane ya yi maganin wane, an san ba zai sake ɗaga kai ba. Da wannan fahimta mai ɗauke da HIV yake miƙa hannu ya karɓi robar ƙwayoyinsa a asibiti, alhali abin da ke cikin robar ba ya kawo ƙarshen cutar, kuma an so ya ci gaba da shan sa har a ranakun da ba ya jin ciwon komai. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, Hausar da muke magana da ita a kan wannan cuta ta ƙware wajen ba da labarin mutuwa, amma har yanzu ba ta koyi ba da labarin maganin ba. Saboda haka majiyyaci yana haddace umarnin shan ƙwaya ba tare da an damƙa masa dalilinsa ba, kuma umarnin da ba shi da dalili shi ne farkon abin da ake yarwa idan hanya ta yi wuya.

Matanin da zan nazarta ba littafi guda ba ne. Ya ƙunshi sunayen da aka raɗa wa cutar, da siffantawar da ake yi mata a fastoci da sanarwar rediyo, da zubin labarin da ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo suka saba bi, da kuma jimlolin da ake maimaita wa majiyyaci a tagar karɓar magani. Na auna su da ma'aunin mai sauraro na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Binciken ƙasa na 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.9 ne suke ɗauke da HIV a Nijeriya, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce mafi ƙarancin yaɗuwa, da kashi 0.6 cikin ɗari. Ƙarancin abin farin ciki ne, sai dai yana nufin mai cutar a ƙauyen Bukkuyum da wuya ya san wani maƙwabci da ya shekara goma yana shan maganin lafiya lau, balle ya koya daga gare shi. Abin da ya sani game da ƙwayarsa shi ne abin da kalmomi suka kawo masa.

Abin da ƙwayar take yi

Kafin a yi wa kalmomi hukunci, ya kamata a san gaskiyar da aka ɗora musu nauyin isarwa. Nijeriya ta fara shirin ba da maganin a 2002, ta mayar da shi kyauta a 2006, sannan daga 2016 ta karɓi tsarin ɗora duk wanda aka samu da cutar a kan magani nan take. Abin da yawancin manya suke sha a yau ƙwaya ce guda a yini, wadda ake taƙaita sunanta da TLD, kuma haɗin magunguna uku ce. Tenofobir da lamibudin suna hana ƙwayar cutar kwafar kanta, dolutegirabir kuwa yana hana ta dasa bayananta a cikin ƙwayoyin halittar mutum. Idan aka dage, yawanta a cikin jini yana raguwa har na'ura ta kasa gano ta, garkuwar jiki kuma ta farfaɗo. Wanda awonsa ya tabbata ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ba ya sa wa abokin aurensa cutar ta hanyar saduwa. Uwar da ba ta shan magani tana iya ba jaririnta cutar da yiwuwar kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, da magani kuwa yiwuwar tana sauka ƙasa da kashi 5.

Amma cutar tana da maɓoya a cikin wasu ƙwayoyin halitta da suke kwance, inda maganin ba ya iya tumɓuke ta. Idan aka daina sha, cikin 'yan makonni take dawowa cikin jini, tun kafin jiki ya ji komai. Idan kuma ana sha ana tsallakewa, ana ba ta damar hayayyafa a gaban magani mai rauni, har ta fitar da irin da maganin ba ya ci. Wannan shi ne ilimin da majiyyaci yake bukata, kuma bai fi abin da za a faɗa a cikin minti biyar ba. Tambayar ita ce ko kalmominmu suna faɗar sa.

Sunayen da suka tsaya a baya

Sunan da ya fi kama baki shi ne "ƙanjamau", daga ƙanjamewa, wato ramewa har ƙashi ya fito. Suna ne da ya yi daidai da abin da ido ya gani a shekarun da suka biyo bayan 1986, lokacin da aka ba da rahoton cutar karo na farko a Nijeriya kuma babu magani. Haka ma laƙabin titi na "kabari salamu alaikum". Illar wannan suna a yau ta wuce ta tsangwama da aka saba ambata. Sunan ya mayar da rama ita ce cutar, don haka ya mayar da ƙiba ita ce waraka. Mutumin da ya sha magani wata shida, kumatunsa suka ciko, ya koma gona, yana da hujja ta harshe idan ya ce ƙanjamau ta bar shi, domin ga shi bai ƙanjame ba.

Masana sun lura da matsalar suna. A 2017 wani ayarin masana harshe da ma'aikatan lafiya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar a riƙa kiran HIV "karya-garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga matakin da cutar ta kwantar da mutum. Rarrabewar tana da amfani ƙwarai, domin ta raba mai ɗauke da ƙwayar cuta da wanda ta kayar. Duk da haka ina da ja a kan siffantawar. Garkuwar da ta karye ba ta haɗewa da kanta, alhali babban albishir na wannan magani shi ne garkuwar jiki tana sake ginuwa. Sannan kalma tana ɗaukar warin wurin da ake faɗar ta. A Anka da Bukkuyum na wannan zamani, inda aka fi jin "garkuwa" shi ne a cikin "masu garkuwa da mutane".

Tare da garkuwa ake kawo "sojojin jiki", a ce cuta ta kashe su, magani kuma ya zo ya taya su yaƙi. Tun a 1989 Susan Sontag, marubuciya 'yar Amurka, ta yi gargaɗi a littafinta kan siffantawar da ake yi wa wannan cuta cewa harshen yaƙi yana cutar da majiyyaci. Nata dalilin shi ne yana mayar da marar lafiya abin zargi da tsoro. Nawa dalilin ya fi kusa da robar magani: yaƙi yana da ranar ƙarewa. Wanda aka gaya wa cewa yaƙi ake yi a jikinsa, ranar da aka ce masa awo bai ga ƙwayar cuta ba zai ji an ci nasara, kuma bayan nasara ajiye makami ake yi. Jimlar "ba a ga cutar a jininka ba" ita ce mafi daɗi da mafi haɗari a duk wannan fage, idan ba a biyo ta nan take da "saboda maganin da kake sha" ba.

Akwai kuma kalmar "ƙwaya", wadda aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Idan ma'aikacin lafiya ya ce ƙwayar magani tana hana ƙwayar cuta shiga ƙwayar halitta, ya faɗi gaskiya, amma ya kira abu uku mabambanta da suna ɗaya a cikin numfashi ɗaya. A waje kuma "shan ƙwaya" sunan shaye-shaye ne. Matashin da aka gani yana haɗiyar wani abu kullum da dare a ɓoye yana tsakanin zargi biyu, kuma kowanne yana iya sa ya bar robar a ƙarƙashin katifa.

Labarin da yake ƙarewa a bakin asibiti

Mafi yawan ƙagaggun labarai da wasannin da na karanta ko na kalla a kan wannan cuta zubinsu ɗaya ne. Ana nuna mutum cikin sharholiya, sai tari da zawo da rama, sai likita ya cire tabarau ya faɗi sakamako, sai kuka da nadama da neman gafara, sai makara. Wannan zubi ba baƙo ba ne. Gadon waƙoƙin wa'azi ne, inda ake jera aikin ɓarna sannan a nuna sakamakonsa don mai sauraro ya ji tsoro ya tuba. A matsayin gargaɗi ga wanda bai kamu ba, zubin yana da ƙarfinsa, kuma ba na musun cewa ya yi aiki a lokacin da rigakafi kaɗai ake da shi.

Sai dai a lura da wanda zubin ya bari a waje. Ba shi da gurbin matar da ta samu cutar a ɗakin aurenta, ko yaron da aka haifa da ita, domin ba su da laifin da labari zai hukunta. Ba shi kuma da gurbin shekaru ashirin ko talatin da suke biyo bayan sakamakon awo a yau. A wurin marubuci, sakamakon awo shi ne ƙololuwar labari. A wurin majiyyaci, shafin farko ne. Abin da ke biye, wato tashi kullum a sha ƙwaya, da neman kuɗin mota zuwa Gummi ko Anka ranar karɓa, da shawarar ko a gaya wa miji, da haihuwar ɗa lafiyayye bayan wata tara na fargaba, duk ba su samu marubuci ba tukuna. Ana iya cewa maimaici ba ya yin labari. Ban yarda ba, domin littattafan soyayya na Kano sun gina ɗaruruwan shafuka a kan zaman gidan miji na yau da gobe, da girki da kishi da haƙuri. Kathryn Rhine, a littafinta na 2016 kan matan Kano masu ɗauke da HIV, ta nuna yadda rayuwarsu take cike da lissafin abin da za a ɓoye da abin da za a bayyana, da neman aure da kare mutunci. Kayan labari ke nan a zube, masanin halayyar al'umma ya tsince su, mai ƙaga labari ya wuce.

Umarni ba tare da dalili ba

A tagar magani kuwa jimlolin gajeru ne: a sha kullum, a kan lokaci, kada a tsallake, a dawo ranar kaza. Dukkansu daidai ne, kuma dukkansu umarni ne. Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi, ya wallafa wata maƙala a 1981 inda ya nuna cewa rashin sani, da rashin damuwa da a sani, wani ɓangare ne na al'adar neman magani a wurin. Harshen ma ya tabbatar da haka, tunda kalmar "asiri" tana nufin sirri, tana kuma nufin wani nau'in magani. Mai magani ya san abin da ya haɗa, mai karɓa nasa shi ne ya sha ya yi fatan dacewa. Asibiti ya gaji wannan yarjejeniya bai sauya ta ba. Tana iya wadatarwa a maganin kwana uku. Amma mai shan TLD yana ganin ma'aikacin lafiya sau biyu ko sau huɗu a shekara, sauran kwanakin duk shi ne likitan kansa.

A waɗannan kwanaki ne tambayoyin da umarni bai amsa ba suke tasowa. Kamfanoni daban-daban ne suke yin wannan haɗi, don haka launin ƙwaya da siffar roba suna canzawa, kuma mutumin da ya san maganinsa da launi, wanda wataƙila ya ɓare takardar jikin robar don rufin asiri, zai zaci an sauya masa magani. A leda ɗaya ana iya haɗa masa da Septrin ko maganin rigakafin tarin fuka, bai san wanne ne ginshiƙi ba. Mai ciki ana ba ta maganin ƙarin jini, wanda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yake rage shigar dolutegirabir jiki idan aka haɗiye su tare ba da abinci ba. Haka farin maganin ƙwannafi na ruwa da ake saya a kemis, wanda sai an raba lokacinsa da na ƙwayar. Mai shan rifamfisin na tarin fuka kuma ana ƙara masa dolutegirabir bayan awa 12, kuma idan ba a gaya masa dalili ba zai ɗauka ciwonsa ne ya yi tsanani.

Yammacin Zamfara ya ƙara wa waɗannan tambayoyi nauyi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da man fetur. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai kusan 200. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, wanda shirin maganin HIV na Nijeriya ya daɗe yana dogaro da shi. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta akwai wanda ya zauna yana ƙirga ƙwayoyin da suka rage masa. Ya raba kowace biyu? Ya riƙa sha yau ya huta gobe? Ya ba matarsa rabi, tunda nata ya ƙare? "Kada ka tsallake" ba ta da amsa a nan. Wanda ya san yadda cutar take koyon bijire wa magani mai rauni shi ne zai gane cewa rabin ƙwaya ba tattali ba ne, kuma shi ne zai ɗauki katinsa ya nemi asibiti mafi kusa da inda gudun hijira ya kai shi tun robar ba ta ƙare ba.

Darasin dalma

Wani zai ce wannan ilimi ya fi ƙarfin mutumin ƙauye da bai yi boko ba. Tarihin wannan yanki da kansa ya ƙaryata haka. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Sanadin shi ne gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Abin da aka nemi iyaye su fahimta a lokacin yana kama da namu ƙwarai. Guba ce da ido ba ya gani. Ana auna ta da lamba a cikin jini, kuma yaron da lambarsa ta kai 45 ana ɗora shi a kan magani ko da yana wasa da gudu. Dalmar tana maƙalewa a cikin ƙashi, ta sake fitowa cikin jini bayan an gama zagaye ɗaya na magani, don haka sai an maimaita. Maganin kuma ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa take da guba, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013.

Dubban yara aka yi wa magani kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022, kuma hakan bai yiwu ba sai da iyaye mata suka yi ta kawo yaran da a ido lafiyarsu ƙalau, saboda wata lamba da aka faɗa musu. Dalma ba ta hayayyafa kamar ƙwayar cuta, don haka kamannin yana da iyaka. Amma ya isa ya nuna cewa mutanen wannan ƙasa sun riga sun yi aiki da tunanin cutar da take ɓuya, da lambar jini da ta fi ido gaskiya. Bambancin shi ne dalma ba abin kunya ba ce, an yi maganarta a fili, a ƙofar hakimi da tsakar gida. Maganar HIV kuwa a raɗa ake yin ta, cikin gaggawa, da Hausar takarda da aka fassaro daga Turanci.

Kalmomin da suke hannu

Ba sai an ƙirƙiro sababbin kalmomi ba. Ita kanta kalmar "magani" tana da fuska ta biyu da aka yi watsi da ita. Bahaushe yana cewa abinci maganin yunwa ne, kuma babu wanda ya taɓa cewa ya ci tuwo wata shida don haka ya warke daga yunwa. Wannan shi ne gidan da maganin HIV ya kamata ya zauna a cikin harshe. Haka nan Hausa ta bambanta "sauƙi" da "warkewa", tana kuma da ciwon da yake "kwanciya" ya "tashi". Sai dai a nan akwai tarko, domin an saba neman maganin irin wannan ciwo ne idan ya tashi. Jimlar da ake bukata ita ce wadda za ta ce ƙwayar ce take riƙe da shi a kwance.

Manomin Gummi kuma ya san ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta. Ya san yana kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa, ya tsotse ta tun kafin ya fito fili, kuma irinsa yana shekaru a cikin ƙasa yana jira. Gonar da ba a ga furensa ba bana ba a ce ta rabu da shi ba. Ya kuma san ƙwarin da feshi ya daina kashewa bayan an yi ta tsinka magani da ruwa don ya auku. Da waɗannan biyu za a iya bayyana maɓoyar cutar da bijirewarta a cikin harshen da ya riga ya mallaka. Lokacin sha ma yana da ma'auni a gida, wato sallolin yini. Binciken da Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa masu karɓar magani a Kano da suka yi azumin Ramadan ba su gaza waɗanda ba su yi ba wajen kiyaye shan sa, sun dai matsar da lokutan zuwa sahur da buɗa-baki. Mutane suna iya daidaita magani da rayuwarsu idan sun san abin da ba ya taɓuwa da abin da za a iya matsarwa.

Kammalawa

Ban ce kalma za ta buɗe hanyar Anka zuwa Bagega ba, ko ta cika rumbun magani idan tallafi ya yanke. Waɗannan aikin hukuma ne. Abin da na ce shi ne, daidai lokacin da hanya ta rufe ne majiyyaci yake zama shi kaɗai da abin da ya fahimta, kuma abin da ya fahimta mu masu sana'ar harshe muka ba shi ko muka hana shi. Sunan da muka riƙe ya ce masa rama ce cutar, siffantawarmu ta ce masa yaƙi ne mai ƙarewa, labaranmu kuma suka rufe littafi a daidai shafin da rayuwarsa da magani take farawa. Aikin da ke gaban marubucin Hausa shi ne ya rubuta matar da ta shekara goma sha biyar tana shan ƙwayarta bayan sallar isha'i, ta aurar da 'yar da ta haifa ba tare da cutar ba, ya kuma sa ta bayyana wa ƙanwarta da bakinta, da Hausar Zamfara, abin da ya sa ba ta daina ba.